Sayen Bakin Inna

Ranar Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar waƙar zumuntar mata a majami'armu ta Gusau, sai bugun tulu ya tsaya mini a ƙirji. Yarinyar da ke bugawa ba ta yi laifin komai ba, hannunta ma da ƙarfi. Ni ce dai na tuna Inna, har na kasa amsa waƙar. Shekara ke nan da muka binne ta, kuma tun tana da rai ta ce in ba sauran mata labarin ciwonta, kada wata ta yi irin abin da ta yi. Na yi ta ɗaga abin, yau gobe. Yau dai na ture keken ɗinki gefe na zauna.

Sunana Saratu, ɗinki ne sana'ata. Inna uwar mijina ce, marigayi Yakubu. Daga Bungudu aka kai ni gidansu, a wani ƙauye gefen 'Yankuzo, gidajen Kirista kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, ga rugar Fulani a hayin rafi. A al'adar gidan, amarya ba ta yi wa uwar miji magana sai an sayi bakinta. Na yi kwanaki ina gaishe ta da durƙuso kawai. Wata safiya ta shigo ɗakina riƙe da kaza wake-wake, ta ajiye a gabana ta ce, "Amarya, ga wagga, na sayi bakinki. Shirun ya isa haka nan." Na yi dariya a cikin mayafi na ce, "Ina kwana, Inna." Maganata ta farko da ita ke nan.

Gaisuwa kawai kazar ta buɗe, kunya tana nan daram. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba, har na haifi 'ya'ya uku ina Amarya. Yakubu kuwa ɗan fari ne, sunansa ba ya fita daga bakinta ko da wasa. In tana nemansa sai ta ce, "Ina mai gidanki?" Ranar da motar da ya shiga ta yi hatsari aka kawo gawarsa, kowa yana kuka, Inna ta shige madafa tana hura wa baƙi wuta. Mata suna ta yaba mata, wai ta cika Bahaushiya. Ni kuwa a ranar haushinta na ji ƙwarai.

Duk da haka, in na rufe ido kwanakin ƙauyen nan nake gani. Kaka ta yi, an kai dawa rumbu, shanun su Dije suna kwana a gonarmu suna bar mata taki. Dije Bafulatana ce, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Ta kawo nono, Inna ta auna mata gero, sai su baje a gindin tsamiya suna tsegumin mazajensu da suka riga su gidan gaskiya. In lokacin salla ya yi, Inna ce ke ɗebo mata ruwan alwala. In Kirsimeti ta zo, Inna kan aika da zakaranta wurin malam ya yanka, don Dije ta ci hankali kwance. Ranar Lahadi kuwa Inna ta rungume tulu a gaban majami'a, in ta fara bugawa har tsofaffi sai sun gyaɗa kai. Sai zaman ƙauye ya gagara, kowa ya san dalili, aka watse. Ni da yara muka dawo Gusau, da jikokin kazar nan a cikin kwando. Inna ta ƙi bina, ta ce ba ta zama gidan suruka. Ta tare a Tsafe wurin ƙanen mijina Bitrus, direban babbar mota da ba ya kwana uku a gida. Allah bai ba Inna 'ya mace ba, kuma daga nan matsalar ta samo tushe.

Riga ce ta tona ciwon. Ni ke ɗinka wa Inna ankon zumunta kowace Kirsimeti, kuma tunda ba zai yiwu in ɗora mata igiyar awo a jiki ba, tsohuwar rigarta take aiko mini in gwada da ita. Wata shekara sai ta haɗo da saƙo, wai a ƙara faɗi a ƙirji, a saki hammata. Na ce ikon Allah, tsohuwar da kullum ramewa take yi? Da na juya rigar sai na ga tabo a gefen hagu, an wanke an sake wankewa bai fita ba. Na kai hanci, ga ƙamshin man shanu, ga wani wari a ƙarƙashinsa. Washegari na hau motar Tsafe.

Na same ta tana tankaɗe da hannu ɗaya, mayafi naɗe har wuya cikin zafin rana. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, jikin lahiya dai?"

"Lahiya lau. Mi kika gani?"

"An ce kin bar bugun tulu."

"Tsuhwa ta, Amarya. Yara su karɓa mana."

Na yi mata sallama na fito. A tasha, ina jiran motar komawa, sai ga Dije da ƙwaryar nono. Ita ma nan kusa suka dawo. Ta ja ni bayan wata rumfa ta ce, "Allah ya kawo ki, ni na gaji da riƙon wanga asiri." Ta ce ƙullutu ne a maman hagu, ya fara kamar ƙwayar gyaɗa tun daminar bara, ba ya ciwo, shi ya sa Inna ta raina shi. Ya yi ta girma har ya fashe. "Ni kaɗai ta nuna ma. Na shahwa man shanu, na kawo sassaƙe, abu sai gaba shikai. Na ce mu tai asibiti, ta ce wa za shi kai ta, ɗanta namiji ko surukarta? Ki kai ta, Saratu, ko da za ta yi hushi da ni har kabari."

Da dabarar Kirsimeti na ɗauko ta, na ce jikokinta sun rantse ba za su ci shinkafa ba sai da ita. Da biki ya wuce, na tsaya daga bakin ƙofa, idona a ƙasa, na ce mata Dije ta gaya mini. Ta juya fuska ga bango ta ce, "Dije ta ci amanata." Amma da gari ya waye na tarar ta shirya.

Makon farko a asibiti layi muka sha. Ki fito da sassafe ki tarar benci ya cika, a yanki kati a wannan taga, a biya a waccan, a ce fayil bai iso ba. Da aka kira mu sai ga likita namiji, sa'an Bitrus. Ya ce, "Mama, a buɗe in gani." Inna ta dube shi, ta dube ni, ta ƙara jan mayafi. Ya lallashe ta har ya gaji, ga mutane suna jira a waje. Haka muka koma gida ba a duba komai ba, mun yi asarar yini da kuɗin mota.

Mako na biyu wata nas dattijuwa ta cece mu, Ubangiji ya saka mata. Ta kore ni waje, ta ja labule, ta zauna da Inna har ta yarda likita ya duba. Da ya kira ni ciki bai ɗaga murya ba, amma maganarsa tana kunnena har yau. Ya ce, "Ina zargin ciwon daji ne na mama, kuma ba jiya ya fara ba. Da tun yana ƙullutu kuka zo, da yanzu wata magana muke yi." Aka yanki ɗan nama za a kai gwaji wani gari, aka ce mu jira.

A cikin jiran nan masu shawara suka yi mana ca. Wata ta ce jifa ne. Wata ta ce akwai wanzami a bayan Bungudu da ke zuƙe daji da ƙaho. Wani ɗan'uwa a majami'a ya zo da man zaitun, ya ce mu zubar da ƙwayoyin asibiti, wai shan magani rashin bangaskiya ne. Na ce masa, "Ɗan'uwa, addu'arka muna so, mu durƙusa yanzu ma. Amma tabaran da ke idonka, shi ma rashin bangaskiya na?" Ya yi addu'ar a gurguje ya tafi. Fastonmu dai cewa ya yi Allahn da ke jin addu'a shi ya ba likita sani, mu riƙe duka biyun.

Na je Bungudu wurin yayana Markus neman taimako. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya ba ni abin da ya samu, har da buhun masara. Amma da ya rako ni bakin hanya sai ya ce, "Saratu, ranar aurenki ina wurin. Alkawalin da kunka ɗauka gaban Allah, har mutuwa ta raba ku na. To, ta raba. Tsohuwar ga tana da ɗa. Ke ga marayu ukku, ga haya. Ki maishe ta Tsahe ki ji da kanki."

Bai faɗi ƙarya ba. A mota na yi ta juya maganar. Na tuna matar nan ta cikin Maganar Allah da mijinta ya mutu, uwar mijin da bakinta ta ce ta koma gidansu, ta ƙi. Da ta koma, ba mai kama ta da laifi. Na kuma tuna cewa alkawarin da Ubangiji ya yi da mu bai tsaya a bakin kabari ba, kuma bai jira mun cancanta ba kafin ya ɗauka. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, amma na san ranar da aka ɗaura mini aure ba Yakubu kaɗai aka ba ni ba. Muna shiga Gusau na tsaya na saya wa Inna lemo.

Sakamako ya dawo, ya tabbata daji ne. Likita ya ce ba a iya yin aiki a haka, sai an fara ba ta wani magani mai ƙarfi ta ƙarin ruwa, kuma kafin nan dole gyambon ya yi tsabta. Nas ɗin nan ta koya mini yadda ake wanke shi safe da yamma da ruwan gishiri, ta haɗa mini auduga da bandeji. Ta kama hannuna ta ce, "In ƙazanta ta shiga jininta, ba za ta kai ranar fara maganin ba."

Muna isa gida Inna ta karɓe kayan daga hannuna, ta shiga ɗaki ta sa sakata. Da hannu ɗaya take yi, ba ta kaiwa ƙarƙashin hammata. Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya rufe ta, wari ya cika ɗakin, ƙuda suka samu wurin zuwa. Na roƙa, na yi kuka a bakin ƙofa, na aiko matar fasto, duk a banza. Daga baya ma ta daina yi mini magana gaba ɗaya, in na gaishe ta sai ta ɗaga hannu. Na ji ta a waya tana ce wa Bitrus, "Ka zo ka maishe ni Tsahe in mutu da mutuncina." Na tsorata, na kuma fusata. Ga ruwa, ga magani, ga hannuna biyu lafiyayyu, amma tsohuwa za ta mutu a ɗakina don kada matar ɗanta ta ga jikinta.

Wata safiya muna addu'ar gida da yara a tsakar gida, babbar 'yata ta karanta wurin da Ubangiji ya ɗaura tawul ya ɗauki kwano yana wanke ƙafafun almajiransa. Ɗaya daga cikinsu ya ji nauyi ya janye ƙafa, Ubangiji ya nuna masa in bai yarda an wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Na sha jin wurin nan, kullum darasin da nake ɗauka shi ne a yi wa mutane hidima. A ranar na ga ɗaya gefen, cewa miƙa ƙafar ma ƙauna ce, kuma ta fi wankewar wuya. Na san Inna tana ji ta bayan ƙofa. Amma suruka ba ta yi wa uwar miji wa'azi.

Yara suka tafi makaranta, ina zaune ina tunani, sai ga wata kazata wake-wake ta zo wucewa tana tone-tone. Ban san lokacin da na bi ta da gudu ba. Na kama ta, na ɗaure ƙafafun, na yafa mayafi irin na manya, na ƙwanƙwasa. Da ƙyar Inna ta zare sakata ta koma ta kwanta. Na durƙusa na ajiye kazar a gabanta.

Na ce, "Inna, ga wagga. Na zo sayen baki."

Ta buɗe ido ta dubi kazar.

"Ranar da anka kawo ni na yi miki shiru, kika saye da kaza. Wagga jininta ta. Yau ke ka yi min shiru, kuma shirun ya isa haka nan."

Sai na ga kafaɗarta tana rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, tana yi tana dafe gefe don zafi. Ta ce, "Ja'ira. A ina kika taɓa jin amarya ta sayi bakin uwar miji?"

"A gidan da babu ɗiya mace. Inna, ke ba ki da ɗiya, ni uwata ta daɗe a ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin dai ji abin da yarinyar ga ta karanta."

"Na jiya. Ba kurma nike ba."

Kazar tana ta fisge-fisge a tsakaninmu. Can Inna ta ce, "Ruhe ƙohwa." Na rufe. Ta fara warware mayafin da kanta.

Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Zuciyata ta karye, amma na daure na kama aiki, wannan kam ba ƙarfina ba ne. Ina wankewa, ita tana kallon rufin ɗaki tana rera waƙar zumunta a maƙogwaro. Da na gama ɗaure bandeji ta ce, "Hannunki da sauƙi." Da rana na kawo mata tuwo zan fita kamar kullum, ta ce, "Ina za ki? Abin da kika gani ya hi cin tuwo. Wanke hannu." Ranar na fara cin abinci kwano ɗaya da Inna.

Zazzaɓin ya sauka a cikin makon. Aka tura mu babban asibiti a wani gari, muka fara zirga-zirga duk bayan 'yan makonni. Maganin nan ba shi da tausayi. In an sa mata sai ta yi kwanaki tana amai, bakinta ya yi gyambo, gashinta ya zube, ta ce ta huta da biyan mai kitso. Ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. An sha rubuta mana magani a ce babu a ciki, mu fita waje mu saya da tsada. Akwai ranar da muka sha doguwar hanya da fargabarta, aka ce jininta ya yi ƙasa, mu koma sai wani makon. Na sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkina biyu, Bitrus ya ci bashin albashinsa. Amma ina da godiya, kuma ta fi ƙorafin yawa. Matan zumunta sun yi mana karo-karo ba sau ɗaya ba. Maƙwabciyata Hajiya ba ta fasa aiko da kunun gyaɗa ba ko safiya ɗaya. Yaya Markus da kansa ya zo dubiya da zabi biyu, bai sake tayar da waccan maganar ba.

Dije ma ta zo daga Tsafe da ƙwaryar nono. Inna ta kau da kai ta ce, "Maci amana ta iso."

Dije ta ce, "Na ci, kuma gobe ma in ta kama sai in ƙara."

Kafin in dama furar sun koma tsegumin mazajensu, suna lissafa wanda ya tafi ina da wanda ya rasu a cikin mutanen ƙauye, da ko tsamiyar nan tana tsaye har yanzu.

Wajen azumin Ista numfashinta ya fara nauyi. Aka yi hoto, likita ya zaunar da ni ya ce abin ya kai huhu. Ya ce, "Yanzu aikinmu shi ne kada ta sha wahala." Na gaya wa Inna ba tare da ɓoye komai ba, don tun ranar kaza muka daina ɓoye wa juna. Ta ce to, ta san wanda ta ba da gaskiya gare shi, a maido ta gida. A ranar ce ta ɗora mini wannan saƙo, ga shi ina isarwa. Mata, ku riƙa shafa jikinku in kuna wanka. Ƙullutun da ba ya ciwo kada ku raina shi, ku kai asibiti tun yana ƙarami. In kuna jin nauyin likita namiji, ku nemi nas ta tsaya muku. Ku kuma surukai da 'ya'ya maza, in tsohuwa ta bar abin da take so, ta fara naɗe jiki cikin zafi, ku tambaya, ku sake tambaya. Kunya tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma shekara guda da rabi kunya ta ci wa Inna.

Bayan Ista da kwana kaɗan, da hantsi, na fito da ita tsakar gida ta sha rana. Muna zaune a tabarma ɗaya, kazarta tana yawo da 'yan tsaki, don tun ranar ta hana a taɓa ta. Ina shafa mata mai a ƙafa sai na ji ta ce, "Saratu."

Hannuna ya tsaya. Na ce, "Na'am, Inna."

"Ranar da anka kawo gawa tai, na san kin ji haushina. Madahi na shiga don kada a ga idona. Hayaƙi ya ruhwa min asiri." Ta ja numfashi, sannan a hankali ta ce, "Yakubu." Ta sake faɗa. "Yakubu, ɗana." Sai kukan da ta riƙe shekara da shekaru ya ɓalle. Na rungume ta ta gefen da ba ciwo, muka yi shi tare har muka gaji. Da ta natsu ta ce, "In na iske shi wurin Ubangiji, da suna nai zan kira shi. In ce mai, Yakubu, ashe ɗiya ka kawo min, ni ina ta kiranta Amarya."

A cikin makon ta cika, da safe, kanta a cinyata. Gida ya cika da mutane, na majami'a da na unguwa, Dije tana gefe ta rufe fuska. Matar fasto ta leƙo ta ce lokaci yana tafiya, ina 'yar marigayiya, ta zo a yi mata wanka. Mata suka fara kallon juna, don kowa ya san Inna ba ta haifi mace ba. Ni kuwa na riga na ɗora ruwa a wuta.